Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Sakataren Harkokin Wajen Amurka: wai me kuke nema ne a Sahel?

Yallaɓai Marco Rubio, da sauran jami'an da ke riƙe da sashen Afirka a ma'aikatarka,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan Nijar ne, ba ni da jam'iyya (ai ma an rusa su duka yanzu, ko ina so ba inda zan shiga), ban taɓa riƙe muƙami ba kuma ban taɓa neman bizar ƙasarku ba, saboda haka ba abin da zan rasa in na faɗi abin da ke raina. Da Hausa na rubuto don da ita muke wannan gardamar kullum a majalisar shayi da tashar mota da gurup-gurup na WhatsApp, in akwai sauran mai jin Hausa da ba ku sallama daga aiki ba sai ya karanta muku.

Tambayata guda ce, wai me kuke nema ne a yankin nan? Wallahi ba don tsokana nake tambaya ba. Shekara da shekaru kuna ce mana dimokuraɗiyya ce a gabanku, mu kuma idonmu na ganin aikinku daban maganarku daban, har ta kai yau in ka ambaci zaɓe da kundin tsarin mulki a gaban samari a Yamai ko Bamako ko Wagadugu sai su kwashe da dariya su ce ga ɗan koren Turawa nan ya zo. Kuna da kaso babba a wannan dariyar, kuma mu da muke son mulkin farar hula tsakani da Allah mu ne ake yi wa ita, ba ku ba.

Mu fara da abin da kuka rubuta da hannunku. A watan Agustan 2022 wanda ka gada, Antony Blinken, ya tsaya a Pretoria ya karanto sabuwar manufar Amurka kan Afirka ta kudu da Sahara, ya lissafo buri huɗu, na gaba-gaba a ciki su ne buɗaɗɗiyar al'umma da kuma a ga amfanin dimokuraɗiyya da tsaro ya isa ga jama'a. A Disambar shekarar kuka tara shugabannin Afirka a Washington aka yi alƙawarin dala biliyan 55 cikin shekara uku. Ba ku gayyaci Mali da Burkina Faso da Gini da Sudan ba, tunda sojoji ne ke mulki kuma Tarayyar Afirka ta dakatar da su. To madalla. Amma a wannan zauren dai an ga Teodoro Obiang na Ikwatoriyal Gini wanda ke kan kujera tun 1979 kuma shi ma da bindiga ya hau, an ga Paul Biya na Kamaru da ke nan tun 1982, an ga Sisi na Masar, an ga Mahamat Déby na Chadi wata biyu kacal bayan an buɗe wa masu zanga-zanga wuta a Njamena da Mundu ranar 20 ga Oktoba an kashe gomman mutane. Kuna tsammanin ba mu ga hotunan ba ne? Kowane yaro mai waya ya gani.

Sai Maris 2023, Blinken ya sauka Yamai, shi ne sakataren harkokin wajenku na farko da ya taɓa taka ƙasarmu tun da muka samu ƴanci a 1960, wannan kaɗai ma abin a zauna a yi tunani ne, shekara sittin da uku. Ya yabe mu ya ce mu abin koyi ne a dimokuraɗiyya, ya sanar da tallafin jin ƙai na dala miliyan 150 ga yankin Sahel, aka yi tafi aka ɗau hoto. Wata huɗu bayan nan, ranar 26 ga Yuli, dogaran fadar shugaban ƙasa suka kulle Shugaba Mohamed Bazoum a gidansa, kwamandansu Janar Tiani ya fito a talabijin. Ko ɗan firamare a Nijar ya san sunan abin da ya faru a ranar, mun saba gani ai, 1974, 1996, 1999, 2010. Amma ku sai ranar 10 ga Oktoba kuka yarda kuka kira shi juyin mulki, wata biyu da rabi kuna kewaye-kewaye, yau ku ce yunƙuri ne gobe ku ce ana kan tattaunawa.

Kuma mun san dalili fa. Akwai sashe na 7008 a dokar kasafin kuɗinku da ya ce duk ƙasar da soja ya kifar da zaɓaɓɓen shugaba a yanke mata yawancin tallafi, har da na soja. To ku kuma a lokacin kuna da sojoji wajen dubu a ƙasarmu, kuna da sansani na 101 a gefen filin jirgin Yamai, ga kuma babban, na 201 a Agadas, wanda kuka kashe wa sama da dala miliyan 100 kuka fara tada jirage marasa matuƙi daga cikinsa a 2019 kuna leƙen Libiya da Mali da duk hamadar nan. Shi ne ya ɗaure muku baki. Ba yau kuka fara ba kuma, a 2013 da Sisi ya tumɓuke Morsi a Masar ƙememe kuka ƙi furta kalmar saboda kar a taɓa dala biliyan 1.3 da kuke ba sojan Masar duk shekara, haka a Afrilun 2021 da Idriss Déby na Chadi ya mutu sojoji suka ajiye kundin tsarin mulki gefe suka ɗora ɗansa, nan ma ba ku kira shi juyin mulki ba. Abin da talaka ya ɗauka a nan mai sauƙi ne, in sojan naku ne ba laifi, in na wani ne sai a tuna da doka. Sojojinmu ma haka suka ɗauka, kuma sun fi kowa iya wannan lissafin.

Bari in tsaya kan sansanin Agadas ɗin nan kaɗan don yana ci min tuwo a ƙwarya. Shekarun da jiragenku suka yi suna tashi suna sauka a can su ne shekarun da aka fi kashe mu. Inates a Disambar 2019 an kashe sojojinmu sama da 70 a hari ɗaya, Shinagodar a Janairun 2020 kusan 90, sai ƙauyukan Tillaberi da Tawa da ake shiga kan babura da rana tsaka a kashe mutane a kora shanu a fita. Mutane suna tambaya, kuma ba wanda ya taɓa ba su amsa mai gamsarwa, wai jirgin da ake cewa yana ganin komai daga sama me ya hana shi ganin babura ɗari suna tafe cikin fili fetal? Wataƙila kuna da amsa ta fasaha, wataƙila kun ba da bayanan wasu suka yi sakaci, amma ba ku taɓa zuwa gidan rediyo kun yi wa jama'ar da kuke zaune a ƙasarsu bayani ba, kun ɗauka in kun gama da fadar shugaban ƙasa kun gama da kowa. Yarjejeniyar da ta kawo sojojin naku ma ba a taɓa shimfiɗa ta a gaban majalisar dokokinmu an yi muhawara a fili ba, ga shi kuwa ku ne masu koya mana muhimmancin majalisa. Kai, ko taku majalisar ba ta san zancen sosai ba, don da aka kashe sojojinku huɗu tare da namu a Tongo Tongo ranar 4 ga Oktoban 2017 sai ga Sanata Lindsey Graham a talabijin yana cewa shi bai san kuna da sojoji dubu a Nijar ba. In ɗan majalisar dattawan Amurka bai sani ba ina ga mai sayar da goro a kasuwar Agadas.

Sannan ga batun waɗanda kuka horar. Tun 2005 kuke atisayen Flintlock da sojojin ƙasashen Afirka, mu ma mun karɓi baƙuncinsa. Kyaftin Sanogo da ya kifar da gwamnatin Mali a 2012 ya yi kwasa-kwasai a ƙasarku. Damiba da ya yi juyin mulki a Burkina ya shiga atisayenku. Doumbouya na Gini kuwa abin har da ban dariya, a Satumbar 2021 sojojinku na musamman suna cikin ƙasar suna horar da rundunarsa ya kwashi yaransa ya nufi Konakiri ya kama Shugaba Alpha Condé. Mu nan kuma da Victoria Nuland, babbar jami'ar ma'aikatarku a lokacin, ta zo Yamai ranar 7 ga Agustan 2023 wanda ya zauna gabanta a madadin masu juyin mulki shi ne Janar Moussa Salaou Barmou, mutumin da kuka daɗe kuna aiki da shi kuka kai shi karatu Washington, kuma ko ganin Bazoum ba a bar ta ta yi ba. Ban ce ku kuka ce su yi juyin mulki ba, ban yarda da wannan zancen ba ko da yake ana yaɗa shi sosai a Facebook. Abin da nake cewa shi ne shekara ashirin kuna zuba kuɗi da makamai da horo a bariki, alhali kotuna da majalisa da hukumar zaɓe da makarantu ana ba su ɗan abin da ya rage, to dole wata rana bariki ya fi kowa ƙarfi a ƙasa, kuma ya san ya fi. Obama da kansa ya faɗa a Akara a 2009 cewa Afirka ba ƙaƙƙarfan mutane take buƙata ba, ƙaƙƙarfan hukumomi take buƙata. Mun yi masa tafi, sai dai hukumar da kuka fi ƙarfafawa ita ce mai bindiga.

Libiya kuwa ba sai na ja ba. 2011 ku da Faransa da Ingila kuka rusa gwamnatin Gaddafi ba tare da kun shirya abin da zai biyo baya ba, shugabanninmu na yankin sun yi gargaɗi kuka yi kunnen uwar shegu, rumbunan makamai suka watse cikin hamada, ba a cika shekara ba arewacin Mali ya faɗi. Obama ya amsa a 2016 cewa rashin shirin nan shi ne kuskure mafi muni a mulkinsa. Shi ya amsa ya tafi ya huta, mu har yau muna binne mutane.

Wani abin da ke ba ni takaici, Yallaɓai, shi ne yadda kuke magana kamar ku kuka kawo mana dimokuraɗiyyar a cikin jaka, su ma sojojin da magoya bayansu haka suke cewa, wai kayan aro ne na Turawa, kun ga kun haɗu da su a kan ƙarya ɗaya kenan. Akwai gada a Yamai da ta haɗa gari da ɓangaren jami'a, ku kuka taimaka aka gina ta, sunan shugabanku Kennedy ma aka sa mata. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka taso daga jami'a za su tsallaka cikin gari suna zanga-zanga kan tsuke bakin aljihun da bankunan duniya suka ƙaƙaba wa ƙasar, jami'an tsaro suka tare su a kan gadar suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka mutu. Jinin nan shi ya tada ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai da mata, har aka tilasta wa Janar Ali Saibou yarda da jam'iyyu da yawa, aka zauna babban taron ƙasa daga Yuli zuwa Nuwamban 1991, aka yi zaɓe a 1993 Mahamane Ousmane ya ci. Duk shekara ɗalibai na tunawa da ranar. A 2009 da Shugaba Tandja ya ce sai ya yi tazarce kotun tsarin mulkinmu ce ta ce masa a'a, mace ce ma ke shugabantarta, Salifou Fatimata Bazèye, ya rusa kotun ita kuwa ba ta janye ba. Wannan ba jakadan Amurka ya koya mata ba. Haka maƙwabtanmu na Najeriya, tun daga soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 har zuwa 1999 ƴan jarida da lauyoyi da ƴan ƙwadago ne suka sha ɗauri da gudun hijira. A Senegal a 2024 da Macky Sall ya ɗage zaɓe majalisar tsarin mulkinsu ce ta soke ɗagewar, matasa suka cika titi, Diomaye Faye ya fito daga kurkuku kwana goma kafin zaɓe ya lashe tun zagayen farko. A Ghana cikin Disambar 2024 Bawumia, ɗan takarar jam'iyya mai mulki, ya kira Mahama na adawa ya taya shi murna tun hukumar zaɓe ba ta gama sanarwa ba. To akwai masu abin a yankin nan, da ransu, su ya kamata a ce kun riƙe, amma ku kullum mutum ɗaya kuke nema a fada wanda zai sa muku hannu a takarda.

Shi ya sa ma tazarcen farar hula ba ya damunku sosai. 2020 Alpha Condé ya canza kundin tsarin mulki ya yi wa'adi na uku, Ouattara ma ya yi na uku a Kodebuwa, 2024 a Togo aka sake kundin gaba ɗaya yadda Faure Gnassingbé zai ci gaba da riƙe ƙasa ba sai ya sake tsayawa zaɓen shugaban ƙasa ba, gidansu na mulki tun 1967. Me kuka yi? Sanarwa mai sakin layi biyu cewa kun damu. Sai an wayi gari soja ya fito da tanka sannan ku tuna akwai tsarin mulki, alhali an daɗe da yayyaga shi da biro.

Na dawo kan namu. Bayan juyin mulkin kuka dakatar da tallafin kusan dala miliyan 200, kuka tsayar da shirin MCC, hukumarku ta tallafin ayyukan raya ƙasa, na dala miliyan 302 da aka ware don hanyoyin da za su sauƙaƙa fitar da kaya ta Benin, kuka cire mu daga AGOA, tsarin shigar da kayan Afirka Amurka ba haraji, daga Janairun 2024. ECOWAS kuma ta rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da yawancin ƙasar ke dogaro da ita. In kana son sanin wanda ya ji jiki ka tambayi mutanen Birnin Ƙonni da Illela ko Maraɗi da Jibiya, manyan motoci jere a bakin iyaka albasa tana ruɓewa a cikin buhu har wari ya hana mutum wucewa, direba na kwana ƙarƙashin mota yana tsaron kayan da ya san sun riga sun lalace, mai ciwon suga na yawo kantin magani zuwa kantin magani, mata masu sayar da ƙanƙara da zoɓo sun kashe firij sun zauna. Ba janar ɗin da ya kwana ba wuta. Kuma duk buhun shinkafar da ya ƙara kuɗi sai ya ƙara wa sojojin magoya baya, tunda sun samu wanda za su nuna da yatsa.

Sai kuka zo kuka ƙarasa abin a Maris 2024. Tawagarku ta sauka, Molly Phee mai riƙe da sashen Afirka a ma'aikatarku a lokacin da Janar Langley na AFRICOM, rundunar sojanku mai kula da Afirka, da sauransu, kuma maganar da ta fito daga zaman ita ce Rasha da Iran da yuraniyom, ba Bazoum ba, ba ranar zaɓe ba. Faraminista Lamine Zeine ya faɗa wa jaridar Washington Post daga baya cewa barazana aka yi musu. Ko a ce ya ƙara gishiri, kun manta mu ne ƙasar da a 2003 aka yi amfani da takardun bogi aka ce ta sayar wa Saddam yuraniyom don a samu hujjar yaƙin Iraƙi? Duk ɗan Nijar da ya ji Ba'amurke na zancen yuraniyom ɗinmu wannan yake fara tunawa. Ranar 16 ga Maris Kanar Amadou Abdramane ya karanta sanarwar soke yarjejeniyar soja, a Afrilu sojojin Rasha suka sauka, ranar 5 ga Agusta kuka miƙa makullan Agadas, tsakiyar Satumba kuka gama ficewa. Dimokuraɗiyyar da kuka yi shiru a kanta don ku tsira da sansanin ba ta dawo ba, sansanin ma bai tsira ba.

Kar ka ɗauka ina yabon masu kakin nan ne, ko kusa. Bazoum da matarsa Hadiza sun haura shekara biyu a tsare, kotun ECOWAS ta ce a sake shi tun Disambar 2023 ba wanda ya saurare ta. Moussa Tchangari, mutumin da ya shafe rayuwarsa yana sukar sansanonin sojan waje har da naku, an je gidansa an ɗauke shi a Disambar 2024. A Maris 2025 aka rantsar da Tiani na shekara biyar ba ƙuri'a ko ɗaya, aka rusa jam'iyyu. A Mali rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a garin Moura a Maris 2022, sojojin ƙasar ne da baƙin fararen sojan da kowa ya san ko su waye. Masu ɗaga tutar Rasha a dandali ina gaya musu a fuskarsu cewa tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. Amma in na faɗi haka sai su ce to nuna mana abin da Amurkan taka ta tsinana, ga Sin can ta gina matatar mai ta SORAZ a Damagaram, ta yi gada ta biyu a Yamai, ta ja bututun mai daga Agadem har bakin teku a Benin kusan kilomita 2000, kai me za ka nuna?

Da ina da abin nunawa, gaskiya. Ina nuna musu gonakin noman rani na Ƙonni da aka gyara magudanan ruwansu da kuɗin yarjejeniyar MCC ta dala miliyan 437 da aka sa wa hannu a 2016, da wani sashe na hanyar Doso zuwa Gaya. Ina tuna musu ƴan Peace Corps, masu aikin sa-kai daga Amurka, da suka zauna ƙauyukanmu daga 1962 har 2011, wasu suka iya Hausa da Zabarmanci kamar a nan aka haife su. Ina ce musu ku je asibitin yara ku ga abincin tamowa na leda da gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro ku duba tambarin da ke jikin kwalin, ku tsallaka Najeriya ku tambayi masu karɓar maganin ƙanjamau kyauta albarkacin shirinku na PEPFAR tun zamanin Bush. Ga kuma Sashen Hausa na Muryar Amurka da ya fara magana da mu tun 1979, tsoho na alwalar asuba rediyo na gefensa, nan yake jin an tambayi minista tambayar da gidan rediyon gwamnati ba zai taɓa yi ba.

To a 2025 da hannunku kuka kwashe min waɗannan hujjojin kusan duka. Janairu aka dakatar da tallafin waje, a Maris kai da kanka ka sanar an soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryen USAID, hukumarku ta tallafin ƙasashen waje, zuwa Yuli aka rufe hukumar. A Maris ɗin dai aka wayi gari Muryar Amurka ta yi tsit, mutane a Kano da Damagaram suna murɗa rediyo suna tambayar juna ko juyin mulki aka yi a Amurka, don mu a saninmu ranar da rediyo ya koma kiɗa zalla to an kwana da magana. A daidai lokacin kuma gwamnatocin sojan yankin sun toshe RFI da France 24, mu nan har BBC an dakatar na wata uku a Disambar 2024, wato lokacin da aka fi buƙatar muryar da ba ta gwamnati ba shi ne lokacin da kuka kashe taku. A Mayu Shugaba Trump ya faɗa a Riyad cewa Amurka ta daina yi wa ƙasashe wa'azin yadda za su mulki kansu, a Yuli jaridu suka ruwaito ka umarci jakadunku su daina tsokaci kan ko zaɓen wata ƙasa ya yi adalci ko bai yi ba. A Yulin nan kuma aka kira shugabannin Afirka biyar cin abinci a White House, cikinsu har da Oligui Nguema na Gabon da ya yi juyin mulki wata ɗaya bayan namu sannan ya cire kaki ya ci zaɓe, zancen da aka yi a teburin kuwa ma'adinai ne da kasuwanci. Sai takunkumin biza, Chadi a Yuni, daga baya mu da Mali da Burkina.

A wani ɓangaren har na ɗan ji sanyi, aƙalla an rage baki biyu, yanzu kun fito kun ce ciniki kuka zo. To in ciniki ne a yi shi a fili mana. Duk yarjejeniyar ma'adinai ko ta tsaro da za ku ƙulla da wata gwamnati a yankin nan ku wallafa ta kowa ya karanta, kuɗi nawa, shekara nawa, wa ya sa hannu, don wanda ba a zaɓa ba ba shi da hurumin jinginar da arzikin jikokinmu, in kuka saya a hannunsa a ɓoye gobe wata gwamnatin ta zo ta yage takardar kar ku ce an ci amanarku, abin da ya faru da Agadas kenan ai.

Dokarku ta 7008 kuma ko dai ku yi aiki da ita a kan kowa, Masar da Chadi da Nijar sahu ɗaya, ko ku je majalisarku ku soke ta mu san ba ta nan, wannan zaɓi-sonka ɗin ya fi rashinta illa. In za ku hukunta wani ku bi shi shi kaɗai, asusunsa da gidajensa da bizar iyalansa, janar ne ko farar hular da ya murɗe kundin tsarin mulki don tazarce, ku bar ɗalibin da ya samu gurbin karatu da ɗan kasuwar da zai je sayen kaya su wuce, ba su suka yi juyin mulki ba. Duk sanda jami'anku suka zauna da hukumomin Yamai ko Bamako ko Wagadugu, kuma mun san kuna zama, ku ambaci sunayen waɗanda ke tsare ba shari'a, Bazoum da matarsa da ƴan jarida da ƴan ƙungiyoyin farar hula, ku ambata a cikin ɗaki ku maimaita a gaban makirfo, wannan ba wa'azi ba ne kuma ba ya cin ko dala ɗaya. Maganin yara da abincin tamowa ku raba shi da rigimar siyasa kwata-kwata, in ma kun ƙudurta janyewa ku ba da wa'adi a san yadda za a cike gurbin, ba a wayi gari a ga sito a kulle ba. Sashen Hausa kuma ku mayar da shi kan iska yadda yake a da, ma'aikatansa da wakilansa na Yamai da Maraɗi da Sakkwato da Kumasi, kuɗin da yake ci a shekara bai kama ƙafar abin da kuka binne a titin jirgin Agadas kuka tafi kuka bari ba.

Na gode da sauraro, a gaida mutanen ofis.

Naku,
wani ɗan Nijar mai katin zaɓe a aljihu